Kalandar da ba a gina da dutse ba

A duk lokacin da aka yi maganar wayewar mutanen da, sai masu ilimin boko su garzaya Ingila su ɗauko Stonehenge, kewayen manyan duwatsun nan da aka saita da fitowar rana ta wajen 21 ga Yuni. Ba mu musa darajarsa ba. Amma me ya sa ɗalibi a Agye ko Gazawa zai san sunansa, bai taɓa jin Nabta Playa ba? Wannan wuri yana cikin hamadar kudancin Masar, kimanin kilomita 100 yamma da Abu Simbel. Makiyaya ne suka jera duwatsunsa shekaru kusan 7000 da suka wuce, tun kafin na Ingila, kuma a 1998 masana suka bayyana cewa jerin yana nuni ga tsayuwar rana mai shigo da damina.

Sai dai akwai wata cuta da ta fi wannan muni: ta masu ganin cewa al'ummar da ba ta bar dutse ba, ba ta bar ilimi ba. Ƙasarmu ta rairayi ce. Daga Gulbin Kaba har Gidan Rumji, ina manomi zai samo dutsen da ya fi raƙumi nauyi? Kalandarsa a sama take da cikin gona. Yana lura da Kaza da ƴaƴanta, ta ɓace a bazara, ta sake ɓullowa da asuba a watan Yuni. Yana jiran shamuwa. Yana duban gawo, itacen da ya saɓa wa ƴan'uwansa, wanda ke zubar da ganye in ruwa ya sauka. Watannin Musulunci na ja baya da kwana 11 kowace shekara, shi ya sa malaman zaure suka riƙe lissafin taurari domin shuka.

Wannan ilimi a bakin tsofaffi yake, kuma tsofaffi na tafiya. Ƙungiyoyinmu na al'adu kuwa sun taƙaita al'ada ga kokawa da kiɗan kalangu ranar zuwan baƙi.

Mu malamai ma ba mu da hanzari. Sanda ɗaya a tsakar lakwal ta isa: sau biyu a shekara, ƙarshen Afirilu da tsakiyar Agusta, inuwarta kan ɓace da tsakar rana. Yara su auna, su rubuta, sa'an nan su je su tambayi kakanninsu abin da ake yi a gona a waɗannan kwanaki.