Bayan an gama ruƙiyya, wa ya tambaye ta?



Duk wanda ya yi koyarwa a makarantar kwana ta 'yan mata ya san abin. Ana cikin darasi yarinya ta ƙame, ido a buɗe, a kira sunanta shiru, ko ta zube tana magana da wata murya. Ƙawaye su ce aljanunta sun tashi. A kira malam, a yi tofi, ta farfaɗo ba ta tuna komai. A 1995 irin wannan ya kama ɗaruruwan ɗalibai mata a Kano, lokacin da sunan aljana Sumbuƙa ya cika gari.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna da nasu bayanin. Idan tashin hankali ya fi ƙarfin yaro, ba halin gudu ba halin ramawa, hankalinsa kan janye ya bar gangar jiki a wurin. Dabarar tsira ce, sai dai takan zama jiki, har tsawar malami ko ƙarar babur ta tayar da ita. Bincike kan ɗalibai a ƙasashe da dama ya nuna waɗanda suka ba da labarin duka, fyaɗe ko ganin kisa sun fi fama da wannan, musamman idan na gida ne ya cuce su, kuma aka maimaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa wannan yanayi cikin kundin cututtukanta.

To, me yaranmu suka gani? Ɗan Doguwa ya tashi da labarin masu garkuwa a dajin Falgore. Ɗan Tudun Wada ya ga wutar zaɓen 2023. A 2021, bayan kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana, kuma ɗalibar Kiru ko Bebeji ta san dalili sarai. Wannan na fili ke nan. Na cikin ɗaki kunya ta binne shi.

Ba kowace faɗuwa ce firgici ba, akwai farfaɗiya, akwai yunwa. Ba kuma mu ce a bar addu'a ba. Abin da muke ƙi shi ne bulala da turaren barkono, da mayar da yarinya aji ba wanda ya zauna da ita. A samu malama mai riƙe sirri ta tambaye ta a keɓe, ba a gaban 'yan aji ba. In abin ya ci gaba, a fara da babban asibiti mafi kusa, su tura ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano.