Waƙar Da Ka Saya, Taka Ce Ko Ta Haya?

Idan mutum ya shiga Kasuwar Kurmi ya sayi buta, ya biya kuɗinta, to, buta ta zama tasa. In ya ga dama ya yi alwala da ita a gida, in ya ga dama ya ba maƙwabcinsa aro. Mai sayarwa ba zai biyo shi har gida ya ce ruwan rijiyarsa kaɗai za a riƙa zubawa a ciki ba. Amma abin mamaki, irin wannan sharaɗi ne ake gindaya wa masu sayen waƙa a zamanin nan, mu kuwa mun yi shiru. A kan wannan nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Iyayenmu shaida ne, a zamanin kaset ba a san wannan wahala ba. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a shekarar 1963, ya kuma bar sauran kamfanoni su ƙera irinsa ba tare da sun biya shi ba. Saboda haka idan mutum ya sayi kaset ɗin Alhaji Mamman Shata ko na Alhaji Musa Ɗanƙwairo a Kasuwar Ƙofar Wambai, ba ya tambaya ko rikodarsa za ta ci. Ta National za ta ci, ta Sony za ta ci, ta cikin mota ma haka. In zare ya tsinke a liƙa shi, in ya warware a sa biro a naɗe. Har gobe akwai gidaje a Dala da Madigawa da Gwammaja da ke ajiye da kaset na shekara arba'in, kuma yana magana.

Yanzu fa waƙa ba a riƙe ta a hannu. Ko dai ka kai memori wurin masu turi su zuba maka, ko ka biya kuɗi ta waya a cikin manhaja. Wani kawuna, tela ne a kusa da Ƙofar Mazugal, yana da 'yar rediyo mai cin memori wadda ke ɗebe masa kewa yana ɗinki. A hutun da ya wuce ya ba da kuɗi aka cika masa memori da waƙoƙin Ɗan Maraya Jos da karatun Alƙur'ani. Ya zo ya sa, wasu suka yi, fiye da rabi suka ƙi. Da ya koma, mai turin ya sa memorin a kwamfutarsa, komai ya yi magana, ya ce masa, "Ka gani ko, Baba? Ai rediyonka ce ta tsufa." Haka kuɗi suka tafi, ba waƙa ba canji.

A iya fahimtata, abubuwa uku ne ke jawo wannan. Na farko, siffar da aka adana waƙar. Kamar yadda ake rubuta Hausa da boko ko da ajami, haka ake adana sauti da siffofi iri-iri. Akwai MP3, wadda masana a Jamus suka yi ƙoƙari wajen ƙirƙiro ta, kusan kowace na'ura ta iya karanta ta. Akwai kuma wasu kamar M4A, waɗanda manyan wayoyi ke karantawa amma yawancin ƙananan rediyoyi ba su san su ba. Na biyu, girman memori. Da yawa daga ƙananan na'urori ba sa karanta memorin da ya wuce giga 32, domin tsarinsa dabam ne. Waɗannan biyu rashin sani ne ke jefa mutum cikinsu, rashin sani kuwa ya fi dare duhu, amma suna da magani in an yi bayani.

Na uku shi ne ya fi damuna, domin da gangan ake yin sa. Wato a sayar maka da waƙa, a sa mata kwaɗo, mabuɗi kuma ya zauna a hannun kamfani. Wannan ba sabon abu ba ne. A shekarar 2003 kamfanin Apple na Amurka ya buɗe kantin waƙa mai suna iTunes, kowace waƙa santi 99, amma a cikin na'urorin da ake yawo da su a aljihu, iPod ta kamfanin kaɗai ke iya buɗe ta. Kamfanin Microsoft ma ya yi nasa kwaɗon, sa'an nan a 2006 ya fito da na'ura mai suna Zune wadda ba ta buɗe waƙoƙin da aka kulle da tsohon kwaɗon kamfanin kansa. A 2008 kuma ya ba da sanarwar zai daina ba da mabuɗin waƙoƙin da mutane suka saya a kantinsa na MSN Music, sai da jama'a suka yi ca a kansa ya ɗaga wa'adin zuwa 2011. Dubi fa, mutum ya biya kuɗinsa, amma ranar da mai kanti ya rufe, kayansa na cikin haɗari!

Mutanen Turai ba su naɗe hannu ba. A farkon 2007 jami'in kare masu sayayya na ƙasar Norwe ya ce kwaɗon iTunes ya saɓa wa dokar ƙasarsu. A cikin wannan shekara kamfanin Amazon ya fara sayar da waƙoƙin MP3 marasa kwaɗo, a 2009 kuma Apple ya cire nasa daga waƙoƙin da yake sayarwa. Ashe in masu saye suka buɗe baki, ana jin su.

Sai dai kwaɗon bai mutu ba, riga ya sake. Manhajoji irin su Boomplay da Spotify, wadda ta shigo Nijeriya a 2021, suna karɓar kuɗin wata-wata. Waƙar da ka sauke a wannan tsari tana zaune ne a cikin manhajar. Ba za ka kwashe ta ka sa a rediyon kakarka ba, kuma ranar da ka kasa biya sai ta rufe. Ban ce wannan zamba ce ba. Haya ce, haya kuma halal ce. Amma a kira ta da sunanta, da harshen da mai biya zai gane, domin sharuɗɗan da Turanci suke, da ƙananan baƙaƙe, ba mai karantawa. Da yawa cikinmu suna zaton sun mallaka, alhali kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Na san wani zai ce, in ba a sa kwaɗo ba, ina mawaƙi zai samu abinci? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Mawaƙi yana biyan kuɗin sutudiyo da makaɗa, ga iyali, sa'an nan a wayi gari waƙarsa tana yawo daga waya zuwa waya bai ga ko kwabo ba. Masu turi da yawa ma ba su san ƙofar gidan mawaƙin da suke cin abinci da guminsa ba. Wannan zalunci ne, mu ɗalibai kuma muna da hannu a ciki duk lokacin da muka tura wa juna abin da ba mu biya ba. To amma kwaɗon ya hana ɓarawo? Ɓarawo yana samun waƙarsa a buɗe, ta yi masa a kowace na'ura. Mai gaskiya da ya biya, shi ne ake bari da waƙar da ta ƙi magana. Ina hikima a hukunta mai biya a bar mai sata? Irin wannan ne ma ke koya wa mutane cewa biya asara ce.

A makarantar Islamiyya an koya mana cewa ba ya halatta mai sayarwa ya ɓoye aibin haja, kuma ba a cinikin abin da mai saye bai san haƙiƙaninsa ba. Hausawa ma sun ce ba a cinikin biri a sama. Dokar kare masu sayayya ta Nijeriya ta 2018 ita ma ta ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani da harshe mai sauƙi. Ke nan addini da al'ada da doka duk bakinsu ɗaya.

Saboda haka ina kira ga masu turi na Kano, su riƙa tambayar mutum a wace na'ura zai saurara, su gwada masa a gabansa, in ta ƙi su mayar masa da kuɗinsa. Ina kira ga mawaƙanmu na Hausa su samo hanyar sayar da waƙoƙinsu kai tsaye, a siffar MP3, a farashin da talaka zai iya, domin kuɗi su shiga aljihunsu, waƙa kuma ta zama ta mai saye. Iyayenmu kuma, in za ku je turi ku tafi da rediyon a hannu, kada ku biya sai kun ji da kunnenku. Mu kuma ɗalibai da Allah ya ba mu ɗan ilmin boko, mu karanta wa iyayenmu sharuɗɗa kafin su biya, mu kuma saba da tambaya guda ɗaya: saye ne wannan ko haya? Mai tambaya ba ya ɓata.

Allah ya ba mu ikon cin halal da ba kowa haƙƙinsa, amin.