Wa ya ce Hausa ba ta ɗaukar falsafa?

Duk wanda ya zauna ajin tarminal ya san al'adarmu. Bak ta matso, sai kowa ya nemi ƙamus na filo, ko fotokopinsa da ta sha hannu har baƙaƙen suka dushe, ya hardace ma'anar “conscience” da ta “liberté”, ya zuba a farkon disertasiyo. In ka ce masa ya faɗi abin da ya rubuta da Hausa, sai ya yi dariya ya ce wai Hausa ba ta da waɗannan kalmomi. Wannan dariyar ce nake rigima da ita.

Ku duba ƙamus ɗin da malamanmu suka fi girmamawa, na André Lalande. Tsakanin 1902 da 1923 aka riƙa fitar da shi kashi-kashi a mujallar ƙungiyar masana falsafa ta Faransa, kafin a haɗa shi littafi a 1926. Ana tsara ma'anar kalma, a aika wa ƴan ƙungiya, wannan ya yarda, wancan ya ƙi, a buga gardamar a ƙasan shafi. Har yau tana nan. Mu kuwa saman shafi muke hadda, mu bar ƙasan, inda tunanin yake.

Kuma babu harshen da aka haifa da kalmomin falsafa a baki. Lokacin da Descartes ya fitar da littafinsa kan hanyar tunani a 1637 da Faransanci, Latin ne harshen malamai. A Bagadaza, ƙarni na 9, Alkindi ya zauna ya rubuta risala kan ma'anonin kalmomi, saboda Larabci na karɓar tunanin Girkawa yana neman sunayen da zai ba shi. Ita kanta kalmar falsafa daga Girkanci ta shiga Larabci, ta iso mana. Bayansa Ibn Sina ya yi nasa littafin ma'anoni, Aljurjani, wanda ya rasu a 1413, ya yi Ta'arifat. Su ba su ce harshensu bai iya ba, aiki suka yi.

To mu gwada namu. Ƙamus ya ce “raison”, mu ce hankali. Amma yaro mai hankali ya ƙunshi ladabi da sanin ya kamata, “yi hankali” gargaɗi ne, “a hankali” kuma natsuwa ce. Ke nan Bahaushe bai raba kaifin tunani da kyan hali yadda Kant ya raba tunani kan sani da tunani kan aiki ba. Shi ke da gaskiya ko mu? Ita ma gaskiya, kalma ɗaya ce ga abin da ya tabbata da kuma halin mutumin da ba ya cin amana. “Âme” kuwa, wanne za ka ɗauka: rai, kurwa, ruhi ko zuciya? Kowane zaɓi da hujjar da zai nema. Irin wannan aikin ne Kwasi Wiredu na Gana ya yi da harshen Akan, duniya ta saurare shi.

Na san me wasu za su ce: bak da Faransanci ake yin ta, a bar mu mu ci jarrabawa. Ban ce a jefar da Lalande ba, ni ma ina buɗa shi. Amma wanda bai iya bayyana wa ƙanensa kalma a harshen gida ba, bai gane ta ba, aku ne da takarda. Kuma ku bincika waɗannan littattafan ku gani ko za ku tarar da Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu da ya yi rubutu kan falsafa ya rasu a 1864, ko Boubou Hama namu. Wa kuke jira ya sa su?

Tun 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Doka ba ta rubuta ƙamus. Ga shawarata: kowace fada ta ɗalibai, daga Maraɗi zuwa Damagaram, Tawa da Yamai, ta ɗauki kalma ɗaya a wata. A tambayi malamin zaure, a tambayi tsohuwa, a buɗa Bargery na 1934, a rubuta shafi guda, a bar fili a ƙasa don masu musu. Ni na ɗauki “ƴanci”. Wanda bai yarda da abin da zan rubuta ba, ƙasan shafin nasa ne.