A Kan Masu Cewa Shari'a Ta Jira Sai Ƙura Ta Lafa

Akwai wata magana da ta game bakin jama'a a Jihar Zamfara, tun daga manyan ma'aikatan Gusau da 'yan majalisa har zuwa direbobin hanyar Funtuwa zuwa Tsafe, waɗanda kan yi tsit su taka mota idan sun doshi Wanzamai da Kucheri da Magazu, maganar kuwa ita ce wai yanzu ba lokacin alƙali ba ne, lokacin bindiga ne, a bari sai an kakkaɓe daji, hankali ya kwanta, sa'an nan a waiwayi kotu da takardunta. Masu wannan ra'ayi jama'a biyu ne da ba sa ga maciji da juna, wato masu cewa a yaƙi 'yan bindiga har a ga bayansu, da masu cewa a zauna da su a yi sulhu. Amma duk da saɓaninsu sun yi ittifaƙi a kan abu guda, shi ne cewa ma'aikacin da ya kamata ya riƙe shari'ar gona da burtali da mashaya ba shi da wani matsayi a cikin wannan al'amari. Ni kuwa a ganina wannan ittifaƙi shi ne kuskure mafi girma da muke tafkawa, domin daga kujerar wannan ma'aikaci ɓarakar ta faro, kuma har gobe kujerar babu kowa a kanta.

Kada wani ya zaci ina nema wa masu tare hanya uzuri. Wanda ya ɗauki makami ya kashe bayin Allah, ya sace matan aure, ya aza wa ƙauye haraji kafin a bar shi ya girbe abin da ya noma, hukuncinsa sananne ne a babin hiraba, kuma zaluncin da aka yi wa uban mutum ba ya halatta masa jinin maƙwabcinsa. Kwamitin da Gwamna Bello Matawalle ya kafa a 2019, a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar, ya ƙidaya mutum fiye da 6,000 da aka kashe daga 2011 zuwa 2019, da mata kusan 5,000 da aka kashe wa mazaje, da marayu fiye da 25,000. Amma wannan kwamitin dai shi ne ya nuna yatsa ga sarakuna biyar da hakimai 33, wato ainihin zaurukan da talaka ke fara kai kukansa. Wanda ya ji wannan, sa'an nan ya ce cutar a daji kaɗai take, bai yi wa rahoton adalci ba.

Bari mu tuna yadda ƙarar ɓarna take tafiya a shekarun da suka gabaci fitinar nan, domin dattawan Kucheri da na Bungudu sun san ta ba sai an karanta musu ba. Shanu sun faɗa gonar dawa ana dab da girbi, mai gona ya kai kuka wurin mai unguwa, mai unguwa ya tura gaba, kafin la'asar an kama yaron da ke kiwo an kulle. Uban yaron ya sauko daga ruga, ba ya jin Turancin da aka rubuta takardar da shi, Hausarsa ma ta cin kasuwa ce, sai wani ɗan tsakani ya tare shi a bakin ofis ya ce masa, "Ardo, akwai kuɗin beli, akwai kuɗin motar masu zuwa ganin ɓarna, akwai kuma goron wane da wane." Ɓarnar da ba ta wuce dami biyar ba sai ta ci bijimi biyu, shi kuwa mai gonar, wanda da sunansa aka yi duk wannan, abin da zai shigo hannunsa bai kai kuɗin damin nan biyar ba. Su koma gida kowa na ganin an cuce shi, kowa na ƙullace da ɗan'uwansa, alhali wanda ya ci bijimin yana zaune a inuwa. A cikin wannan kai da kawowa duka babu wanda ya yi tambayar da ita ce asalin da'awa: shin gonar da shanun suka shiga, ba a kan burtali aka sare ta ba? Wa ya ba da wurin, a wace shekara, da wace hujja?

Ba a yi tambayar ba ne domin amsarta a kan hukuma take komawa. Tun a dokar ƙasa ta 1910 Turawa suka ce ƙasar Arewa tana hannun Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa, dokar 1962 ta bi wannan sawu, a 1965 gwamnatin Sardauna ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, ita kuwa dokar 1978 da ake aiki da ita har yau ta danƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta bisa amana, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka a karkara har hekta 500 domin noma ko 5,000 domin kiwo, ta kuma tanadar wa kowace ƙaramar hukuma kwamitin ba da shawara a kan rabon ƙasa. To, idan wanda aka ba amana shi ne ya yanka gandun daji da makiyaya ya raba wa masu hannu da shuni, kamar yadda aka yi ta kokawa a Zamfara bayan dawowar mulkin siyasa a 1999, wa zai yi ƙararsa? Lauyan da ke Ma'aikatar Shari'a an ɗauke shi ne ya kare gwamnati, a wurinsa nasara ita ce a kori ƙarar. Hukumar ba da lauya kyauta da aka kafa a 1976 ta tarayya ce, mafi yawan ƙarfinta kuma yana tafiya ga waɗanda ke tsare a kan laifuffuka. Burtali na kowa ne, saboda haka ba shi da mai tsaya masa. Manomi yana da kunya da iyakar da ya dasa su ba shi shaida, makiyayi kuwa hujjarsa sawun shanu ne, ruwan fari ya shafe shi. Shi ya sa Bafulatanin da kakansa ya biya jangali ga En'e ta Sakkwato, aka haife shi a dajin Tsafe, aka binne iyayensa a can, yakan wayi gari ana kiransa baƙo a gaban wanda ya zo jiya da takarda.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne ba mu rasa gado a wannan fanni ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali da gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin alamomin mulkin zalunci. Ƙanensa Malam Abdullahi ya wallafa Ta'alimur Radi a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita da abin da ake keɓewa domin maslahar jama'a. Almajirin da ya sauke Risala kuwa ya san Malikiyya sun rarrabe tsakanin ɓarnar dabba ta dare, wadda ke wuyan mai dabba, da ta rana. A watan Oktoba na 1999 aka taru a Gusau aka yi shelar shari'a, a Janairun 2000 ta fara aiki, a watan Maris aka yanke hannun wani mutum a kan satar saniya. Wanda ya toshe burtalin da dubban shanu ke bi fa, a gaban wane alƙali ya tsaya? Mun riƙi babin haddi da hannu biyu, muka saki babin mazalim, inda shugaba ke zama ya saurari ƙarar talaka a kan ma'aikacinsa. Ko wanda ya daure ya bi shari'ar gonarsa har sama yakan tarar da wani tarko, domin sashe na 277 na tsarin mulki ya iyakance hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, manyan kotunan tarayya kuma sun sha rushe hukuncinta a rikicin mallakar gona saboda rashin hurumi, sai mutum ya shekara da shekaru yana sayar da awakinsa, a ƙarshe a ce ya koma farko. Ma'aikaci guda mai sanin aikinsa ya isa ya nuna masa ƙofar da ta dace tun ranar farko.

Masu sulhu su ma ga tasu. A watan Yuli na 2022 Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan biyar a kansa tun 2020, aka ce domin a samu zaman lafiya. Ƙasa ta ɗauki ɗumi, gwamnati ta dakatar da sarkin. A 'Yandoto fa aka yi wannan, garin da ya shahara da malaman fiƙihu tun kafin jihadi. Sulhu a wurin malamai ana yin sa ne a kan haƙƙi sananne tsakanin masu jayayya sanannu. Sulhun da ba a ambaci gonar kowa ko saniyar kowa a cikinsa ba, abin da yake koya wa matasa shi ne hukuma ba ta jin kiran mutum sai ta ga bindiga a kafaɗarsa, shi kuwa makiyayin da bai taɓa ɗaukar makami ba, wanda ɓarayi suka kore wa garke, 'yan sa-kai kuma suka hana shi shiga kasuwa, ya tashi a tutar babu. Askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024 ba na musun bukatarsu, amma askar ba zai faɗa maka inda iyakar gona ta tsaya ba.

Yanzu ga babbar hujjata a kan masu cewa a jira. Shari'ar da ke gabanmu ta fi wadda ta wuce nauyi, kuma kowace rana shaidunta raguwa suke yi. Ƙauyuka sun watse, mutanensu na zaune a Tsafe da Gusau da Funtuwa a gidajen dangi da kangaye. Gonakinsu waɗansu sun koma daji, waɗansu an jinginar domin a haɗa kuɗin fansa, waɗansu an sayar a arha cikin firgici ba tare da sanin sauran magada ba. Ranar da Allah ya kawo sauƙi aka koma, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙara ce, kuma iyakar gona a karkararmu ba a takarda take ba, tana cikin kan tsohon da ya san cewa daga tsamiyar can zuwa bakin rafi na gidan wane ne. Irin waɗannan tsofaffi wasu an kashe su, wasu baƙin ciki da gudun hijira na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Dubi kuma matar da aka tafi da mijinta, ba a ga gawa ba, ba a kuma sake jin muryarsa a waya ba. A mazhabarmu matar ɓatacce sai ta kai ƙara ga alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sa'an nan ta yi takaba, dukiyarsa kuma ba a raba ta sai ya kai shekarun da galibi irinsa ba ya wucewa a raye. Amma malamai sun ba fursuna hukunci dabam, sun ba wanda ya ɓace a fitina tsakanin Musulmi nasa dabam. Wanne ne hukuncin wanda aka sace a hanyar Kucheri? Wannan mas'ala ce da ke bukatar alƙali masani, da rajistara mai rubutawa, da ma'aikacin da zai bi sawun al'amarin, kuma shekara huɗun nan ba ta fara ƙirguwa sai bayan an kai ƙara an gama bincike. Duk wanda ya ce wa wannan baiwar Allah ta jira ƙura ta lafa, ya ƙara mata shekaru ne a kan shekarunta.

Maƙwabtanmu sun riga mu gane wannan, kuma da jini suka koye shi. Bayan kisan Toda a jihar Maraɗi a 1991, inda aka hallaka Fulani fiye da ɗari, Nijar ta kafa dokar karkara a 1993, ta samar da kwamitocin ƙasa waɗanda manomi da makiyayi da sarki da ma'aikaci ke zama a ciki, ana kafa alamu a gefen burtali, ana sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi, a 2010 kuma ta ƙara dokar da ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne. Rigima ba ta ƙare a can ba, amma akwai ƙofar da ake bugawa. Can nesa kuma, a Kanada, inda gwamnati ta daɗe tana shari'a da 'yan asalin ƙasar a kan filayensu, ministar shari'a Jody Wilson-Raybould ta ba lauyoyin gwamnati umarni a rubuce a Janairun 2019 cewa su fifita sasantawa, su rage fakewa da cewa lokacin ƙara ya wuce. Gwamnati ce ke gaya wa lauyanta cewa kayar da talaka a kotu ba kullum ne nasara ba.

Za a ce ina kuɗi, za a ce wane ma'aikaci ne zai yarda a tura shi Kucheri a wannan hali. Jihar da ta iya ɗaukar dubban askarawa da babura ba za ta gaza albashin ma'aikata kaɗan a kowace ƙaramar hukuma ba, kuma aikin farko ba ya bukatar shiga daji, domin shaidun suna nan cikin gari tare da mu. Abin da ake bukata sashe ne na musamman a Ma'aikatar Shari'a, mai matakan ƙarin girma nasa, wanda za a ɗebo masa matasan da suka karanta shari'a a Sakkwato da Zariya, a haɗa su da masu jin Fillanci da masu awon ƙasa, a auna su da yawan rigingimun da suka warware, a kuma ba su ikon rubuta wa gwamna cewa wannan rabon fili da aka yi ba bisa ƙa'ida yake ba.

Ina kira ga Kwamishinan Shari'a da Alƙalin Alƙalai na jiha da su fara da ƙasar Tsafe a ranin bana: a zauna da dattawan ƙauyukan da suka watse da ardo-ardon da suka rage, a rubuta iyakokin gonaki da burtali da mashaya daga bakinsu a gaban shaidu, a kuma buɗe rajistar matan da mazajensu suka ɓace, domin ƙidayar shekarunsu ta fara.