Ga Masu Cewa In Kira 'Yan Gwangwan Su Auna Fijon Baba

Tun ranar Asabar da na ɗora hoton Fijo 504 wagon ɗin marigayi mahaifinmu, tana kan bulo ba taya, bonet a buɗe, nake shan tsiya. Masu addu'a na gode, masu dariya ma ban ji haushi ba, don ni kaina da na ga hoton sai da na dara. Amma akwai maganar da mutane da yawa suka maimaita, har wani abokin aikina ya tare ni da ita bayan sallar Azahar: "Haba Malam, da girmanka da digirinka? Ka kira 'yan gwangwan su auna ta su ba ka abin da ya samu, ka cika ka sayi 'yar Beljiyam." Wannan maganar ce ta hana ni yin shiru.

Baba ya sayi motar nan a 1983, da rancen mota irin wanda ake ba ma'aikata a lokacin, ana cirewa a albashi. Sabuwa dal, da ledarta, kuma a Kaduna aka haɗa ta, a kamfanin Fijo da ke Kakuri, wanda ya fara fitar da motoci a 1975. Ni yau na haura shekara ashirin ina aikin gwamnati, na wuce matakin da Baba yake a lokacin, amma ko a mafarki ban taɓa ganin kaina a sabuwar mota ba. Abin da ake ba ni shawara in saya shi ne motar da wani Bature ya hau shekara goma sha biyar ya yar, aka loda ta a jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Wato in bar tsohuwar ubana in ɗauki tsohuwar uban wani. Wai wannan ne ci gaba.

Wata bakwai ke nan ina wannan aikin, a 'yar rumfar kwano da ke gefen gidana, Asabar da Lahadi bayan La'asar. Ni ba bakanike ba ne. Wani dattijo ne da ya ƙare rayuwarsa a kan Fijo yake zuwa yana nuna mini, ni da babban ɗana muna miƙa sifana muna shan faɗa. Shekara goma sha ɗaya motar tana ajiye, ɓeraye sun cinye wayoyi, tsatsa ta huda ƙasan kujerar direba har kana hango ƙasa, lagireto ya toshe, injin ya kame ko motsi ba ya yi. Ranar farko na ce wa dattijon, "Baba, anya kuwa?" Ko kallona bai yi ba, ya ce in kawo kananzir da tsohon buroshi.

Da muka sauke injin na fahimci abin da ya sa bai damu ba. An ƙera shi ne don a riƙa gyarawa. Silif ɗin da fistin ke gudu a ciki zare shi ake yi a sa sabo, ba sai an yar da inji gaba ɗaya ba. Kabireta muka kwance a kan faranti, muka wanke, muka mayar. Wuta kuwa kwantak ne da filogi huɗu. A baya akwai sifirin huɗu, biyu kowane gefe, shi ya sa wagon ke ɗaukar mutum bakwai da buhunan hatsi ta bi hanyar ƙauye ba ta durƙusa ba. Wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kano zuwa Jos ko Maiduguri a shekarun 1980 da 1990 ya san abin da nake faɗa. Gwada wannan da ta zamani: kwamfutar cikinta ta samu matsala, bakanike ya jona na'ura, ya ce sai an yi oda, farashi kuma ya danganta da yadda dala ta kwana.

Kada wani ya ce ina zuga mutane su koma 504. Tana shan mai, kuma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take nufi a aljihun ma'aikaci. Ba ta da jakar iskar da ke kare mutum a haɗari, birkinta ba na zamani ba ne, tawa ko na'urar sanyi babu. Ba da ita zan riƙa zuwa ofis kullum ba, kuma ba zan ɗebi iyali in yi tsere da ita a hanyar Abuja ba. Duk na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da gyara abin kunya, kamar alama ce ta wanda ya gaza. Ai Hausawa ne suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kuma wannan halin bai tsaya a gidajenmu ba. Ku shiga harabar duk ma'aikatar da kuka ga dama, ku zagaya baya wajen bishiyoyi. Za ku tarar da motocin gwamnati a jere, tayoyi sun nutse a ƙasa, ƙadangaru sun tare a ciki. Mu da ke cikin aikin mun san da yawansu ba wani babban ciwo ne ya kwantar da su ba. Takardar neman kuɗin gyara takan yi wata da watanni tana yawo daga tebur zuwa tebur, ta sayen sabuwa kuwa ƙafa gare ta. Ba sai na faɗi dalili ba, gyara ba ya kawo kaso mai kauri. A 2023, lokacin da ake ce wa talaka ya ƙara haƙuri, 'yan Majalisar Tarayya suka saya wa kansu manyan motoci na ƙasar waje, jaridu suka ruwaito kowace ɗaya ta kai wajen naira miliyan 160. A 2024 aka sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ku yi lissafin da kanku. Alhali a ƙasar nan aka yi zamanin da manyan jami'an gwamnati Fijo haɗin Kaduna suke hawa, ba wanda rawaninsa ya faɗi.

Da muna da Fijo a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, ANAMMCO a Enugu, ga masu haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Michelin da Dunlop a nan suke yin taya, su ma sun daina kafin 2010. Da na je neman tayoyi huɗu na motar nan, ko ɗaya ban ga wadda aka yi a Najeriya ba. Na san an sake fara haɗa Fijo a Kaduna a 'yan shekarun nan, ina kuma yi musu fatan alheri, amma a nuna mini malamin makaranta ɗaya da ya sayi sabuwa da albashinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kayan gyaran. Na taka Panteka, na je Ƙofar Ruwa a Kano sau biyu. Kusan duk inda na tambaya amsar ɗaya ce: "Ai Alhaji da ka zo bara, an sare ta an auna." Motocin da ƙofa ɗaya ko giya ɗaya daga jikinsu za ta tayar da wata, ana farfasa su da guduma a sayar a kilo. Ban ga laifin yaran da ke wannan sana'a ba, abinci suke nema. Laifin namu ne masu kiran su. Su ma dattawan da suka san injin nan da kunne, waɗanda daga jin ƙara za su ce maka ga inda ciwon yake, ƙarewa suke yi ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake koya mini ya ce yaransa na gareji duk sun watse, wasu sun koma tuƙa Keke Napep. Ɗana mai shekara goma sha biyar, da ko fanbel bai sani ba, yanzu shi ke saita filogi.

Abokin aikina ya tambaye ni nawa na kashe. Na gaya masa gaskiya, ya fi abin da 'yan gwangwan za su ba ni nesa ba kusa ba, amma bai kai kwatan kuɗin 'yar Beljiyam ɗin da yake yi mini talla ba. Ita Hajiya, mahaifiyarmu, ba ta tambayi kuɗi ba. Ta zo ta tsaya a bakin rumfar, ta daɗe tana kallon kujerar gaba, sannan ta ce idan ta tashi ita za a fara kaiwa gida gaisuwa.

Inji ya koma mazauninsa, saura wayarin da walda a ƙasan direba, fenti sai bayan damina in Allah ya kai mu. Har yanzu ina neman gilashin ƙofar but da fitilar baya ta hagu, na wagon fa, na salun ba sa shiga. Wanda ya san inda wata take kwance a bayan gida, don Allah ya yi mini magana kafin masu guduma su riga ni.