Kimiyya a Ƙofar Gida: Ƙanƙara a Jikin Na'urar Sanyaya Ɗaki Ciwo Ce

Ranar kasuwa na shiga wani shagon magani a Kura, ana zafin nan na watan Afrilu. Na tarar da yaron shagon riƙe da wuƙa, zai kankare ƙanƙarar da ta lulluɓe cikin na'urar sanyaya ɗaki, wato iyakwandishan. Ya ce, "Malam, ƙarfi ne ya yi mata yawa." Na ce masa ya ajiye wuƙar, rashin lafiya ce.

Ga yadda abin yake. A cikin na'urar akwai siraran bututun jan ƙarfe da gas ke zagayawa a ciki. Fanka tana jawo iskar ɗaki ta bi ta kansu, gas ɗin ya kwashe zafin, laimar da ke cikin iskar kuma ta koma ruwa ta ɗiga waje. Kamar dai gumin da kuke gani a jikin ledar ruwa mai sanyi. Asali ma saboda laima Willis Carrier ya ƙirƙiro na'urar a 1902, don wata maɗaba'a a birnin New York na Amurka da damshi ke ɓata wa takardu.

To, idan iska ta daina wucewa sosai, sanyin bututun sai ya sauka ƙasa da digiri 0, ruwan nan ya daskare. Ƙanƙarar ta ƙara toshe hanya, ɗaki ya yi zafi, na'ura tana ta shan wuta a banza.

A yankinmu dalilan ba su da nisa. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin injinan casar shinkafa na Kura suna toshe ragar da ke tace iska. Ruwan Dam ɗin Tiga da ke bin kanal zuwa gonakin Kadawa da Bunkure yana ƙara wa iska laima. Wuta idan ta zo ba ƙarfi, fanka takan rage gudu. Gas ma idan yana yoyo, ƙanƙara na taruwa.

Me za ku yi? Da farko ku kashe sanyin, ku bar fanka kaɗai tana juyawa. Ku tara roba a ƙasa saboda ruwa. Ku yi haƙuri, narkewar kan ɗauki awanni, wani lokaci yini guda. Kada ku sa wuƙa ko sukudireba. Bututun ba shi da kauri, huda ɗaya gas ya tsere. Bayan ta narke ku zare soket, ku ciro ragar, ku wanke, ta bushe a inuwa kafin ku mayar. Idan ƙanƙarar ta dawo, a kira mai gyara, domin aikin gas ba na yara ba ne. Barin ta tana aiki a daskare yana iya kashe kwamfiresa, wadda ita ce mafi tsada a jikin na'urar.

Wani zai ce gidansu ba iyakwandishan. To, akwai firizar da Umma ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, wadda kuɗin litattafanku ke fitowa daga cikinta. Ita ma ba ta son wuƙa. A kashe ta, a buɗe murfi, a jira.

Tambayar mako: me ya sa tulu ke sanyaya ruwa ba tare da wuta ba? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.