Madubi da salatif: yadda ido ke rage wa mai shanyewar ɓarin jiki tangaɗi

Idan kina jinyar Baba ko surukarki bayan shanyewar ɓarin jiki, na san hankalinki yana kan ƙafar da ake ja da hannun da ya ƙi ɗaguwa. Ido kuwa ba mai tambayarsa. Alhali abu uku ne ke riƙe da tsayuwar mutum: ido, da can cikin kunne, da saƙon da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aika wa ƙwaƙwalwa. Idan ciwon ya rage jin ƙafa, sai aikin ya koma kan ido.

To, shi ma ganin yakan taɓu. Wata dattijuwa da na yi jinya takan cinye tuwon da ke dama a kwano ta bar na hagu, kuma kullum kafaɗarta ta hagu sai ta bugi ƙofa. 'Yarta ta ɗauka rigimar tsufa ce. Ina! Ƙwaƙwalwarta ce ta daina lura da hagu, abin da ya fi faruwa idan ciwon ya taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Wasu kuma rabin abin da ke gabansu ne ba sa gani, ga idanun kuma garau. Irin waɗannan ba su da wuyar faɗuwa, kuma karayar ƙugu ga tsoho ba wasa ba ce. Idan kin lura da haka, ki faɗa wa likita, ki nemi a duba ganin.

Ga abin da masu fisiyo kan koyar, wanda za ki iya ci gaba da shi a gida idan sun amince. Ki samo dogon madubi, ki manna salatif mai launi a tsakiyarsa daga sama zuwa ƙasa, ki manna wani a gaban rigar Baba. Ya tsaya ya daidaita layukan biyu. Da yawansu sun karkace amma suna jin a miƙe suke. Madubin ne ke nuna musu gaskiya. Wanda bai iya tsayuwa ba tukuna, ya fara a zaune.

Sai kuma ya kafa ido a kan wata alama a bango, yana juya kai dama da hagu a hankali. Jiri ya taso, a dakata. Ke kuma ki tsaya ta ɓangaren da ya shanye, ga kujera a bayansa. Kada a bar wa yara wannan aikin. Lokacin hira ma ki riƙa zama ta ɓangaren da yake mantawa, don ya saba waiwayawa.

Idan ya ƙware, mai fisiyo zai janye madubin, domin ba a so ya dogara da ido kaɗai. Kafin nan, duhu abokin gabansa ne. Ki ajiye masa fitila mai caji a gefen gado, ki kwashe buta da takalma da tabarmar da bakinta ya naɗe daga hanyar banɗaki tun kafin a kwanta.